Gudu ko Saiti: Nazarin Lamarin Wani Mai Ɗura Harsashi da Hannu

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin lantarki ne a wani gari na tsakiyar Amurka. Duk watan Yuni yakan ɗauki hutun kwana huɗu ya tafi yammacin jihar Dakota ta Kudu, inda wani mai gandun kiwon shanu ya ba shi izinin harbi a makiyayarsa. Abin harbin wani irin kurege ne mai zaman rami, wanda Amurkawa ke kira da sunan da ke nufin "karen fili" saboda kukansa mai kama da haushin kwikwiyo. Da yawa suke zama wuri ɗaya, su huda fili da ramuka, su aske ciyawa har ƙasa, shi ya sa masu kiwo ke lissafa su cikin dabbobin ɓarna. Idan ɗaya ya miƙe tsaye a bakin raminsa, tsayinsa wajen ƙafa ɗaya ne, faɗin ƙirjinsa kuwa bai wuce inci 3 ba. Ana harbinsa daga yadi 150 har zuwa 400, a fili fetal inda iska ba ta hutawa.

Bindigarsa mai sakata ce, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, tana cin harsashi samfurin .22-250 Remington. Masu ƙere-ƙere ne suka fara haɗa wannan harsashi a shekarun 1930, suka ɗauki kwanson .250-3000 Savage suka tsuke wuyansa don ya riƙe ƙwaya mai kaurin inci 0.224. Sai a 1965 kamfanin Remington ya shigar da shi jerin kayansa. Tun daga nan gudu aka san shi da shi. Bututun bindigar mai kauri ne, tsawonsa inci 26, kuma tsagin da ke murɗe a cikinsa yana juya ƙwaya zagaye ɗaya a kowane inci 14.

Shekara biyu ya yi yana harba na kamfani, mai ƙwaya giren 55, wanda aka rubuta a kwalinsa ƙafa 3,680 a sakan. Giren ƙaramin ma'auni ne: 7,000 ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma giren 15 ne da ɗoriya. A yadi 100, harbi biyar na taruwa cikin faɗin inci ɗaya ko ɗan fiye. Bututun ya ci harsashi kusan 900 a lokacin da ya sayi kayan ɗuri, wato na haɗa harsashi da kansa a gida: matsa, sikeli, ma'aunin kauri, littafin ɗuri, da na'urar auna gudun harsashi. Dalilansa biyu ne. Tafiya ɗaya na cinye harsashi ɗari huɗu zuwa biyar, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na biyu kuma, yana ganin in ƙwayarsa ta fi gudu, iska ba za ta samu lokacin kaɗa ta ba.

Ba a kawo sunan albarushi ko yawan giren ɗin da ya zuba ba a wannan rubutu. Adadin da ya zauna lafiya a bututu ɗaya na iya fasa kwanso a wani.

## Janairu zuwa Fabrairu: ɗurin farko

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, makunni da ke gindinsa wanda allurar bindiga ke sara, albarushi, sai ƙwaya. Ya zaɓi ƙwaya giren 55 mai tsinin roba da siririyar rigar jan ƙarfe, irin wadda aka ƙera don ta tarwatse da zarar ta taɓa abu. Albarushin kuwa mai ƙananan ƙwallaye ne kamar yashi, wanda ke zuba a ma'auni ba gardama, abin da ke da daɗi ga mai shirin ɗura ɗari biyar a zama uku. Kafin ya fara, ya auna nisan da ke tsakanin gindin kwanso da inda ƙwaya ke fara taɓa tsagin bututu, ya rubuta a littafinsa.

Ya fara daga adadin da littafi ya ce a fara da shi, yana ƙara rabin giren a kowane mataki. Duk gwajin an yi shi ne a filin harbi da ke bayan gari, ƙanƙara a ƙasa, sanyi tsakanin digiri 2 ƙasa da sifili zuwa 3 a ma'aunin Salshiyas. Da ya kai iyakar littafi na'ura ta nuna 3,750. Ya duba kwansaye: makunni bai baje ba, sakata na buɗewa da yatsa biyu. Sai ya ƙara giren 0.6 a kan iyakar. Na'ura ta nuna 3,810.

Da wannan ɗuri ya harba rukuni shida, kowanne harbi uku, yana barin bututu ya huce tsakani, wanda a wannan sanyi ba ya ɗaukar minti biyu. Faɗinsu a yadi 100: inci 0.6, 0.9, 1.1, 0.8, 1.2 da 0.9. Takardar 0.6 ɗin ce ya ɗauka hoto. A littafinsa ya rubuta: "3,810, inci 0.6." Ya ɗura 500.

## Yuni: kwana biyu a makiyaya

Ranar farko da hantsi zafi ya kai digiri 30, da azahar 36. Ya kafa teburin harbi a kan wani tudu, ya ajiye akwatin roba mai cin harsashi ɗari kusa da gwiwar hannunsa, a buɗe, rana na dukansa. Zuwa tsakar rana in ya ɗauki harsashi sai ya ji ɗuminsa a yatsa kamar cokalin da aka bari cikin shayi. Harbin kuregen nan ba kamar farautar barewa ba ne da mutum zai yi harbi ɗaya ya tafi gida. Nan goma, goma sha biyar a jere, har bututu ya kai ba ya taɓuwa, hayaƙin zafi na tashi daga kansa yana kaɗa hoton da ke cikin madubin saiti. Yana kuma da wata ɗabi'a: da ya harba sai ya ɗana wani nan take, ya kwanta a kan madubi yana jiran kuregen ya leƙo, wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci biyu. Duk wannan jira harsashin na zaune cikin ƙarfe mai zafi yana gasuwa.

Da safe abin ya yi kyau. Daga azahar sai kuskure ya yi yawa, kuma ba gefe ɗaya ba: wani ya tashi ƙura a hagu, wani sama, wani gaban rami. Ya ɗora laifin a kan iska. Da la'asar ya kafa kwali a yadi 100, ya jona na'urar gudu, ya harba goma. Faɗinsu inci 1.7. Matsakaicin gudu 3,910, tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri ƙafa 70. Abokin tafiyarsa ya ce adadin nan ya ba shi tsoro. Shi kuwa daɗi ya ji, don bai taɓa ganin 3,900 da ƙwaya giren 55 ba.

A ranar ce sakata ta fara nauyi, har sai ya doke ta da tafin hannu. A gindin wasu kwansaye akwai wani ɗan tabo mai sheƙi, zagaye, inda tagulla ta kutsa cikin ramin ƙusar da ke tofar da kwanso, sakata ta kankare ta wajen buɗewa. Makunnai sun baje har gefensu ya haɗe da gindin kwanso.

Rana ta biyu, wajen harbi na sittin, ya ja kunama sai iska mai zafi da ƙura suka daki fuskarsa. Tabaron kariya ne ya tsare masa ido. Da ƙyar sakata ta buɗu. Kwanson ya fito da baƙin rami a gindi, makunnin ya faɗo daban ya maƙale a ƙasan sakata. Nan ya sha jinin jikinsa, ya rufe akwati, ya ƙarasa tafiyar da kwali biyu na harsashin kamfani da ya taho da su.

Lissafin da ya rubuta na ɗurinsa: harbi 190, daga ciki 70 sun wuce yadi 250, ya samu 22. Sauran 310 ya cire musu ƙwaya ɗaya bayan ɗaya da gudumar da aka yi don haka, aikin da ya ci masa Asabar biyu. Cikin kwansaye 190 da aka harba, 140 ramin makunninsu ya buɗe har sabo na shiga ba tare da an matsa ba. Ya zubar da su bayan amfani ɗaya tak.

## Yuli zuwa Satumba: komawa ɗaya gefen

Wanda ya taɓa ganin wuta a fuskarsa ba ya jin kira. Ya sauko gaba ɗaya zuwa adadin farawa, gudu ya dawo wajen 3,400, ya ce shi yanzu saiti kawai yake nema. Mako na biyu ya samu harbi uku da suka shiga kusan rami ɗaya, inci 0.25. Ya yanke takardar ya sa a walat. Da ya maimaita ɗurin nan sak a makon gaba, ya samu 0.9, 0.5 da 1.1. Na'ura ta nuna tazarar ƙafa 85 tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri, wuyan kwansaye kuma ya fito da baƙin hayaƙi har kafaɗa, alamar matsin bai kai ya buɗe tagullar ta toshe hanyar iska da wuri ba. Albarushin bai cika kwanso ba, yana kwance yadda ya ga dama, kowane harbi da irin kamawarsa.

Daga nan ya shiga canje-canje. A zama ɗaya yakan canja makunni da zurfin zaman ƙwaya da yawan albarushi, ya harba uku, in sun taru ya ce ya samu, in sun watse ya sake wani. Littafinsa na watan Agusta yana da haɗi 23 daban-daban, babu ɗaya da aka harba fiye da sau shida.

Gwaji biyu daga ciki sun cancanci a faɗe su. Na farko, ya sayo ƙwaya giren 69 ta gasar harbi, don ya karanta cewa doguwar ƙwaya mai nauyi ta fi jure iska, wanda gaskiya ne. Amma doguwar ƙwaya na buƙatar juyi mai sauri kafin ta tsaya kan tsininta, zagaye ɗaya cikin inci 10 ko ƙasa da haka. Bututunsa na inci 14 ne. Cikin harbi biyar, biyu ba su taɓa takarda ba, ukun da suka taɓa sun shiga a kwance, suka bar rami mai siffar ƙofar makulli. Ko da ta tsaya daidai ma, ƙwayar gasa ba a yi ta don tarwatsewa ba, tana iya dukan ƙasa ta tashi ta ci gaba, abin da mai shanu a makiyaya ba zai lamunta ba.

Na biyu, ya koma giren 40. Wannan ta wuce 4,100 ba tare da ya kusanci iyakar littafi ba, kuma ta taru cikin inci 0.8. Sai dai ƙwaya marar nauyi na zubar da gudunta da wuri. A yadi 300, iska mai mil 10 a awa daga gefe na kaɗa ta sama da inci 10, alhali giren 55 da ta bar bakin bindiga da 3,650 ba ta wuce inci 9 da ɗan kaɗan ba. Ya ga haka da idonsa wata ranar iska, ƙwayar da ta fi gudu ita ta fi kaucewa.

Watanni ukun nan sun ci harsashi 350, bai fito da ɗuri ɗaya da zai iya dogara da shi ba.

## Oktoba: wurin maƙerin bindiga

Ya fara zargin bindigar, ya kai ta wurin wani dattijo maƙerin bindiga. Dattijon ya duba ƙusoshin da ke ɗaure ƙarfe da ƙotar bindigar da na madubi, ya same su daram. Ya zura siririn madubin leƙe cikin bututu, ya kira shi ya gani da kansa: inci biyu na farko bayan mazaunin harsashi, wurin da ake kira maƙogwaro, sun tsattsage kamar busasshen laka, ga jan ƙarfe ya shafe saman tsagi. Da aka sake auna inda ƙwaya ke taɓa tsagi, ya matsa gaba da inci 0.028 daga awon Janairu, cikin harbi kusan 660. Wato duk tsawon bazara yana zaunar da ƙwaya bisa awon da ya riga ya tsufa.

Dattijon ya ce bututun bai mutu ba, a wanke jan ƙarfen a ci gaba. Ya karɓi littafin ya buɗe shafin Fabrairu, ya tambaye shi ina sauran rukuni biyar ɗin da bai ɗauka hoto ba. Ya kuma tuna masa cewa ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta sa iyakar matsin .22-250 a laba 65,000 kan kowane inci murabba'i, kuma tagulla galibi ba ta fara kuka sai an riga an tsallake wannan iyaka. Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar auna matsi. Abin da ya fi kusa da ita a hannunsa shi ne na'urar gudu: in ka zarce gudun littafi da yawa, da albarushi ɗaya da ƙwaya ɗaya, to matsi ne ya biya kuɗin.

Shawarar da ya ba shi uku ce: ya riƙa canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada ya yanke hukunci kan ƙasa da harbi ashirin, kuma ya gwada ɗurin a irin zafin da zai yi aiki da shi.

## Nuwamba zuwa Mayu: sake ginawa

Ya sayi sababbin kwansaye 200 daga ƙulli ɗaya, ya yanke su duka inci 1.902, tun da iyakar tsawon kwanson .22-250 inci 1.912 ce, kuma kwanson da ya zarce yana cusa bakinsa cikin maƙogwaro ya daɗa matsi. Ya koma albarushi mai siffar ƴan sanduna, daga irin waɗanda aka sarrafa don kada zafi ko sanyi su canja kamawarsu sosai. Wannan ba ya zuba sumul a ma'auni, dole ya auna kowane ɗuri a sikeli, yana ƙarasa ƙwayoyin ƙarshe ɗaya-ɗaya. Ƙwaya da makunni ya bar su yadda suke a Janairu.

Mataki na farko shi ne gwajin tsani, hanyar da ake dangantawa da wani maharbi mai suna Creighton Audette: harsashi ɗaya a kowane mataki, ana ƙara giren 0.3 daga adadin farawa, a harba su a jere kan takarda ɗaya a yadi 300. Masu wannan hanya na neman wurin da matakai biyu ko uku suka faɗi kusa da juna. Shi ma ya ga irin wannan wuri, amma da ya maimaita tsanin bayan mako ɗaya sai wurin ya koma wani mataki. Don haka bai ɗauki tsanin a matsayin alƙali ba. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne taswirar gudu: kowane giren ɗaya na ƙara ƙafa 90 ko kusa, kuma iyakar littafi na ba shi 3,720 a bututunsa. Nan ya tsaya, bai haura ba.

Ya zaɓi ɗuri uku: na iyakar littafi, na giren 0.9 ƙasa da ita, da na giren 1.8 ƙasa. Kowanne ya ɗura ashirin. Bai harba su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya kafa takarda uku, yana ba kowace harbi ɗaya yana zagayowa, don zafin bututu da gajiyar ido da sauyin iska su raba kansu daidai a kan duka ukun. Matsakaicin faɗin harbi biyar a yadi 100: mai gudun 3,560 ya ba da inci 0.74, mai 3,640 ya ba da 0.70, mai 3,720 ya ba da 0.88, kuma makunnansa sun ɗan fara bajewa tun a sanyin Maris. Tazarar gudu a duka ukun ba ta kai ƙafa 40 ba. Na farko da na biyu ba a iya raba su. Ya ɗauki na tsakiya.

Zurfin zaman ƙwaya bai ɓata masa lokaci ba. Ya gwada tazarar inci 0.010, 0.020 da 0.040 daga tsagi, bisa sabon awo, goma-goma. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya zauna a 0.020, don kada ƙwaya ta taɓa tsagi ko da an samu wadda ta ɗan fi tsawo.

Gwajin ƙarshe a watan Mayu ne. Ya ɗaure harsashi goma a leda ya nutsa cikin ruwan ƙanƙara, wasu goma cikin ruwan ɗumi mai digiri 40, yana ciro ɗaya ya harba nan take. Tsakanin matsakaicin masu sanyi da na masu zafi ƙafa 20 ne. Sannan ya harba goma a jere ba hutu, kamar yadda yake yi a makiyaya: inci 0.9, sakata na buɗewa da yatsa biyu.

Ya kuma gyara abubuwan da ba na teburin ɗuri ba. Ya sayi na'urar auna nisa da ƙaramar na'urar auna iska. Ya harba takarda a yadi 200, 300 da 400, ya rubuta faɗuwar ƙwaya a kati ya manna a ƙota. Ya ari wata bindiga mai cin ƙaramin harsashi samfurin .223 don duk abin da bai kai yadi 200 ba, tun da tana cin albarushi kaɗan kuma ba ta ƙona maƙogwaro kamar tasa.

## Yuni na shekara ta biyu

Makiyaya ɗaya, zafi tsakanin digiri 29 da 35. Harsasai na cikin akwatin sanyi marar ƙanƙara a inuwar mota, biyar kawai yake fitowa da su. Sakata a buɗe take har sai ya ga abin harbi a madubi. Bayan harbi biyar ya ajiye ta ya ɗauki ɗayar.

Da .22-250 ya yi harbi 240. Daga ciki 120 sun wuce yadi 250, ya samu 71. Babu sakatar da ta yi nauyi, babu tabo a gindin kwanso ko ɗaya. Gawarwakin bai taɓa su da hannu ba, kamar kullum, domin ƙumar da ke jikin waɗannan kuregu na iya ɗaukar annobar nan ta ɓeraye. Da ya dawo ya sake awon maƙogwaro: ya matsa inci 0.009 daga Oktoba, cikin harbi kusan 460. Wasu kwansayen sun shiga ɗuri na huɗu, makunni na shiga da matsi kamar sabo.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Ɗurin Fabrairu bai taɓa zama na inci 0.6 ba. Matsakaicin rukunoni shidan nan inci 0.9 ne, kuma a lissafi, bindigar da ke tara harbi uku cikin wani faɗi za ta tara goma cikin ninki ɗaya da rabi na wannan faɗi ko ɗan fiye. Kenan tun a ƙanƙara ɗurin na inci 1.4 ne. Zafin Yuni ya ƙarasa shi zuwa 1.7, ya kuma ɗaga matsin da dama ya wuce iyaka har ya fitar da makunni. Inci 0.25 na walat ma haka yake: sa'a ce ta harbi uku. Kuskure ɗaya ya yi sau biyu, sau ɗaya yana sama, sau ɗaya yana ƙasa.

Sai a duba abin da gudun ya saya masa. Tsakanin 3,810 da 3,640 ƙafa 170 ne. A yadi 300, ga wanda ya daidaita madubinsa a yadi 200, wannan bai kai inci ɗaya na faɗuwa ba, bai kuma kai inci ɗaya na kaɗawar iska mai mil 10 ba. Kuskuren mil ɗaya kacal wajen karanta iska ya fi haka tsada. A ɗaya hannun, inci 1.7 a yadi 100 na zama kusan inci 5 a yadi 300, inci 0.9 kuwa bai kai 3 ba. Abin harbin faɗinsa inci 3 ne. Da ɗurin farko, ko ya karanta nisa da iska daidai, ya ja kunama lafiya, wani kaso na harbinsa zai wuce ta gefe. Idan aka haɗa da kwansaye 140 da maƙogwaron da ya ci, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amma saukowa 3,400 ma asara ce. Ya ba da ƙafa 240, iska ta ƙara kaɗa ƙwayarsa kusan inci ɗaya a yadi 300, tazarar ƙafa 85 ɗin nan na buɗe harbi sama da ƙasa da kusan inci 2 a yadi 400, kuma ƙwaya mai siririyar riga na buƙatar saura gudu a inda ta sauka kafin ta tarwatse ta kashe nan take. Duk wannan ya biya bai samu ƙarin saiti ba. Gwajin ashirin-ashirin ya nuna cewa a wannan bututu saiti bai canja ba daga 3,560 zuwa 3,640, don haka babu dalilin zama a ƙasa. Giren 0.9 da ya bari tsakaninsa da iyakar littafi shi ne rabon rana, da bututu mai zafi, da sabon ƙullin albarushi da ka iya fin na baya kaifi.

Tashi daga 22 cikin 70 zuwa 71 cikin 120 ba na ɗuri kaɗai ba ne. A yadi 350, kuskuren yadi 25 a ƙiyasin nisa na sa ƙwaya ta sauka kusan inci 3 sama ko ƙasa, kuma na'urar nisa da katin ƙota ne suka kawar da wannan. Rabon ɗuri shi ne ya sa in ya yi kuskure ya san nasa ne, ya gyara a harbi na gaba.

Bututun yanzu ya wuce harbi 2,000. Dattijon ya ce ya kawo shi a sake leƙawa a Afrilu, kuma in lokacin canji ya yi, ya sa mai juyi ɗaya cikin inci 8 in har yana son doguwar ƙwaya, da sanin cewa a wannan juyi ƙwaya mai siririyar riga na iya fashewa a iska kafin ta isa. Bai yanke ba tukuna. A murfin kowane akwati dai yanzu yana rubuta abu huɗu: gudu, yawan harbin da aka gwada, lambar ƙullin albarushi, da zafin ranar gwaji.